Mai Riƙe wa Baba Faranti

Lahadi, 2 ga Yuni

Jibin Ubangiji, ranar rabon gurasa a majami'a. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina riƙe wa Baba Fasto farantin gurasa. Al'adarsa ce tun muna sujada a ƙarƙashin rumfar kwano, ba ya miƙa wa mutum gurasa sai ya kira sunansa. Yau ya zo kan 'yar marigayiya ungozoma, sai ya kira ta da sunan uwarta. Na sunkuya na raɗa masa na gaskiya. Ya harare ni, ya gyara. Ina jin ba wanda ya lura.

Laraba, 5 ga Yuni

Na ɗinka hannun riga a baibai. Mai ɗakina ta ce ko tsufan Baba ne ya fara shafata. Ban yi dariya ba.

Lahadi, 7 ga Yuli

Suna goma sha ɗaya na raɗa masa yau. Na samo dabara: in duƙa kamar ina gyara farin ƙyallen da ke kan faranti, in faɗi sunan, shi kuma ya maimaita da wannan muryar tasa mai cika majami'a. Wuyana har yanzu ciwo yake.

Da aka tashi, ina wanke ƙoƙuna a ɗakin baya, ya leƙo ya ce, "Tela, ka cika surutu a teburin Ubangiji." Na ce, "Tuba nake, Baba." To me zan ce? Mutumin da ya yi mini baftisma, ya ɗaura mini aure, ya binne ubana.

Lahadi, 4 ga Agusta

Ban san ta inda zan fara ba.

Mai sayar da katako ya durƙusa a layin gaba, matarsa a dama, surukinsa da jikoki a bencin da ke bayansa. Na raɗa sunan. Baba bai maimaita ba. Ya tsaya yana kallonsa, ya mayar da gurasar cikin faranti, ya ce, "Kai ba ka cika wa'adin horonka ba. Koma bencin baya." Ga makirfo maƙale a wuyan rigarsa.

Shekara ashirin da biyu da wannan magana! Lokacin yana shaye-shaye, ya daki matarsa, dattawa suka sa shi ƙarƙashin horo wata shida, ba jibi, zama a bencin baya. Ya tuba, aka karɓe shi a gaban jama'a, Baban da kansa ya rungume shi. Rabin ikilisiyar yanzu ba su ma san an yi ba.

Abin da ya karya mini zuciya, mai katakon tashi ya yi. Da furfurarsa, ya bi tsakiyar majami'a a hankali har bencin baya ya zauna. Ni kuwa ina tsaye da faranti kamar an dasa ni.

Talata, 6 ga Agusta

Na je shagon mai katako. Yana auna katako, bai ɗago ba. "Ni ban riƙe Baba a zuciya ba," in ji shi. "Jikata ce take ta tambayata me na yi wa kakarta." Na zauna har rana ta yi tsaka, sannan na koma shagona.

Asabar, 17 ga Agusta

Zaman dattawa. Sakataren gunduma ya zo, wanda tun watan jiya yake bin mu da tambayoyi don littafin tarihin cikar ikilisiya shekara hamsin. Hoton Baba ne ma a bangon littafin. Yau wata tambayar ya kawo. Ya ce, "Dattijo, kai ne kusa da shi. Wannan ne na farko?"

Da na ce i, da sun ba shi hutun wata guda an wuce wurin. Kowa ya zuba mini ido, wasu da idon roƙo. Na tuna tafiyar mai katako zuwa bencin baya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Tun watan Yuni ne. Ni nake raɗa masa sunaye."

Minti goma bai cika ba suka gama. Sun sauke Baba daga aiki, hutu na girmamawa, wai.

Lahadi, 18 ga Agusta

Na gaida Mama, matar Baba, a bakin ƙofa. Ta gyara ɗankwali ta wuce.

Lahadi, 1 ga Satumba

Sabon fasto. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, sai dai rabon gurasar nan kamar mai raba katin asibiti. Ba ya kiran kowa. Ni kuma leɓɓana sai motsi suke, sunaye na fita ba mai karɓa. Mai katako ya zo, ya karɓa, bai dube ni ba. An tashi da wuri, mata suna murna.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ni da sabon fasto mun kai wa Baba jibi a gida. Mama ce ta buɗe, ta ce da fasto ya shigo, ni kuma ta matsa mini hanya kawai. Baba yana zaune da farar kwalarsa a wuya, tun safe yake shiri, in ji ta.

Kafin sabon fasto ya gama addu'a Baba ya miƙa hannu ya ɗauki gurasa daga farantin, ya juyo gare ni. Ya kira ni da sunan ubana, wanda suka haƙa harsashin majami'a tare. Ya ce, "Karɓi, ka sha aiki yau."

Na ji wuyana ya fara sunkuyawa don in gyara masa. Sai na buɗe tafin hannu na ce amin.

Da na koma shago na gama riguna uku, ba ko ɗaya a baibai. Ban gaya wa mai ɗakina ba.