Amanar Rokko Tana Ƙarƙashin Gadona

Riyad, ranar Litinin.

Zuwa ga Yaya Ɗan'azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Balaraba da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan tata. Ni jikina lafiya lau, hankalina ne a tashe. Na ba Mukhtari, ɗan garinmu da zai dawo gida, takardar nan ya kawo maka hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce.

Ka tuna Rokko, tsohon injiniyan nan ɗan Italiya da nake tuƙawa zuwa masana'anta? Shekara huɗu ba shi da hira sai ta garinsu a kudancin ƙasarsu, a gindin wani dutse, Vulture, da ya taɓa aman wuta. Wai ƙasar wurin baƙa ce ƙirin, inabinsu kuma, Aglianico, ba a tsinkarsa sai sanyi ya shigo. Giyar da suke yi da shi ja ce har ta so ta yi baƙi. Ya ce sabuwarta bauri ne da ita kamar goro, sai ta yi shekara da shekaru a kogunan da suka haƙa cikin dutse kafin ta yi laushi. Ni dai ina tuƙi ina a'uzubillahi a zuci, amma mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Watan jiya ya miƙo mini kwali a ɗaure, ya ce in ajiye masa. Ka san tarbiyyarmu, Yaya, ba a buɗe amana, ba a tambayar abin da ke ciki. Haka na ɗauka na kai ɗakinmu na ma'aikata, wawa da ni. Sai bayan kwana biyu yake gaya mini, idonsa da ƙwalla, cewa kwalba uku ce ta giyar nan, ta ƙarshe da mahaifinsa ya matsa da hannunsa kafin ya rasu. Yadda ya shigo da su ƙasar nan, Allah kaɗai ya sani. Ya ce zai karɓa cikin mako guda. Kafin makon ya cika, ranar Alhamis, ya yanke jiki ya faɗi a ofis, har yau yana asibiti bai san inda yake ba.

To, tun shekaranjiya masu gadin kamfani suke bincike ɗaki ɗaki, wai an kai ƙarar wasu. Duk motar da za ta fita sai an buɗe ta a ƙofa. Banɗaki mu goma sha biyu ke shiga, in na zubar wari zai tona ni. Amir, abokin ɗakina, ya tambaye ni sau biyu me ke cikin kwalin, jiya kuma ya daina yi mini magana. In an gani, ba wanda zai saurari labarin dutse da inabi. Kurkuku ne, a kashe iƙamata, takardar izinin zamana, a maido ni gida da wannan suna. Wallahi tsoro nake ji. Abin da ya fi ba ni haushi, ko da na sami hanya, ban san ko hannuna zai iya fasa kayan mutumin da ke kwance ba.

Ka gaishe da Balaraba, da Gwaggo Delou, da Mubina. Ranar Laraba masu binciken za su iso layinmu. In Juma'a ta wuce ban kira ba, kai za ka zaunar da Inna ka faɗa mata, kar ta ji a bakin mutane. Ka rantse mata ko ɗigo ban taɓa sha ba.

Ƙaninka,
Nu'uman.