Sifirin Motar Ya Zama Fartanya, Inshora Sun Ƙi Biya

Malam, ka taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, don na yi niyyar komawa Kano, kuma ban san abin da hannuna zai aikata a ofishin mutanen nan ba.

Ni direba ne, ina jan a-kori-kura tsakanin Roni, Kazaure da Babura. Motar ta gwaggona Inno ce. Shanu goma sha biyar ta sayar bara ta saya mini in riƙa ja, duk da ƙaninta Baffa Halliru ya ce haukar zamani ce. Ni na nace aka yi mata babbar inshora, ba 'yar takardar nuna wa ɗan sanda ba. Ban yi boko ba, a jikin motoci da tsofaffin jaridu na koyi karatu, amma na bi takardar nan layi-layi, ta ce in an yi karo su ke gyarawa.

Wata biyu ke nan tifar 'yan aikin hanya ta matse ni kusa da Kanya Babba, na daki kwalbati. Ba wanda ya ji ciwo. 'Yan sanda sun auna sun rubuta, aka ja motar zuwa garejin Sunday a Kazaure. Sai bayan kwana tara kamfanin ya turo mai duba ɓarna, wani mai farin wando da bai yarda ya durƙusa ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya rubuta fitila da bamba da lagireto, naira ɗari uku da ashirin, ya tambayi inda ake sayar da tsire mai kyau, ya tafi.

Da Sunday ya shiga ƙarƙashi sai ya tarar sifirin baya, ƙarfen nan da ke rage wa mota jijjiga, ya karye, kuma ƙashin motar, wato ƙarfen da bodi ke zaune a kai, ya lanƙwashe. Na ce ya canja sifirin, na biya daga aljihuna. Tsohon kuwa kowa a nan ya san inda yake zuwa. Damina ta matso, Sama'ilu maƙeri ya roƙa, na ba shi, ya ƙera fartanyu.

Na je Kano na yi musu bayani. Akawunsu ya ce in kawo tsohon sifirin su gani. Da na faɗi inda ya tafi, ofishin ya ɗauki dariya, akawun ya ce to in kawo fartanyar su biya ni da gero. Ƙashin kuma wai ramukan hanyarmu da lodin ƙauye ne suka lanƙwasa shi. Ya miƙo takarda in sa hannu cewa na karɓi hakkina duka, babu sauran magana. Na naɗe ta na sa a aljihu na fito.

Yanzu motar tana ja hagu, tana cinye taya a mako uku. Ina ci gaba da ɗaukar mutane, don in na ajiye ta Baffa zai gane ɓarnar ta wuce fitila da bamba, shi kuwa ya riga ya samo mai saye a Gwiwa, yana jira in yi kuskure ɗaya. Inno ba ta san komai game da ƙashin da rigimar inshorar ba. Sunday ya ce zai gasa ƙarfen ya miƙar da shi a makon nan. In bar shi ya yi, ko in je in shaƙe mai farin wandon ya zo ya durƙusa?

Direba Mai Ɓacin Rai, Roni

*

Ɗana, abu ɗaya ka yi daidai, kuma shi ne babba: ba ka sa hannu ba. Ka bar takardar nan a aljihu. Ranar da ka sa, maganar ta mutu.

An raina ka, ban musa ba, kuma mai duba ɓarnar bai yi aikinsa ba. Amma kamfani abin da ya gani yake biya, kai kuma ka canja sifirin ba ka sanar da su ba, ka kyautar da shaidarka. Ba don mugunta kawai suka nemi tsohon ba. Sabuwar karaya bakinta fari ne, tsohuwa ta yi tsatsa, kuma da haka ake gane ta karo.

Ka hana Sunday taɓa ƙashin nan. Shi ne shaidar da ta rage maka, in ya sha wuta ba ka da abin nunawa. Ka je wurin Sama'ilu yau. Maƙeri ba ya cinye sifirin duka a lokaci ɗaya, kuma guntun da ya karye shi ake barin ƙarshe. In ka samu, ka fanshe shi ko nawa ne. Sunday ya rubuta abin da ya gani da ranar da ya gani, ka haɗa da rasit, da rahoton 'yan sanda, da hoton ƙarƙashin motar. Sannan ka rubuta wa manajan kamfanin, ba akawu ba, ka nemi a sake dubawa a gabanka. Ka aika ta gidan waya da rajista, ka ajiye kwafi. Na ƙashin ina sa ran za su biya. Na sifirin wataƙila ka yi asara.

In ka ɗaga hannu a ofishin, su za su kira ɗan sanda, Baffa kuma ya samu kuskuren da yake jira.

Abin da ya fi damuna kuwa ba ka tambaye ni ba. Motar da ke ja hagu ba a ɗaukar bayin Allah a cikinta. Ka ajiye ta daga yau. Sannan ka je ka durƙusa gaban Inno ka faɗa mata komai da bakinka, kafin wani ya riga ka. Dukiyarta ce, sunanta ne a takardar inshora, kuma ita za ta dangwala wa wasiƙar hannu. In ta ce a sayar, hakkinta ne. In ta ce a jira kamfani, Baffa ba shi da ta cewa.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya fitar muku da hakkinku.