Shafukan da Na Tsallake

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya sa na sauko da kwalin da ke saman kabad ɗinsa. Shekara goma sha tara yana can, ɗaure da igiyar shanya. Littattafan Yaya ne, waɗanda Baba ya ƙwace lokacin da dattawan coci suka hana shi koyar da ajin matasa. Baba ne shugaban dattawan, shi ya fara sa hannu. A makon da aka yi abin Yaya ya bar gari. Ko a jana'izar Mama can baya ya tsaya, bai shigo gida ba.

Na zaci ƙonawa za mu yi. Wai karanta masa zan yi! Mutumin da idonsa ya tafi, likita kuma ya ce zuciyarsa ba ta son tashin hankali. Ya ce, "Auta, na yanke wa ɗana hukunci a kan littattafan da ban taɓa buɗewa ba. Ba zan tafi da wannan a wuyana ba."

Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 6 ga Maris

Mun fara. Ina tashi daga makaranta sai baranda, alli ma ban wanke daga hannu ba. Na zaɓi mafi siranta, mai shuɗin bango. Da Turanci yake, in karanta jimla in juya masa da Hausa. Tauhidin masu sassaucin ra'ayi ke nan da ake tsoratar da mu da shi. Marubucin ya ce Nassi ta hannun mutane ya zo, da harshensu da zamaninsu, kuma Allah bai ba mu hankali don mu ajiye shi a ƙofar coci ba. Ni zagin Allah nake jira, sai ga shi ya buɗe da addu'a. Abin ya ƙara ba ni haushi.

A shafi na huɗu Baba ya yi barci.

Asabar, 8 ga Maris

Kalma ɗaya ta ci mini minti ashirin a ƙamus. Su mutanen nan ba su iya gajeriyar magana ba ne?

Talata, 11 ga Maris

Babin mu'ujizai. Da idona ya hango abin da ke tafe, sai na yi tari na haɗa shafi biyu na juya. Ai ba gani yake ba. Saboda zuciyarsa na yi, Allah ya sani.

Lahadi, 16 ga Maris

Fasto yana wa'azi, sai na ji kaina yana tambaya: su wa aka fara rubuta wa wannan ayar? Kai! Na gyara zama.

Bari in rubuta, tunda ba mai gani. Ni ce na kai ƙarar Yaya. Lokacin shekarata goma sha biyar, ina cikin ajin. Wani ya tambaye shi makomar tsohuwar maƙwabciyarmu da ta rasu, wadda ta goye mu duka amma ba addininmu ɗaya ba. Yaya ya ce shi ba zai iya cewa tana wuta ba, jinƙan Allah ya fi ƙarfin ma'auninsa. Da gudu na koma gida, ko takalmi ban cire ba na faɗa wa Baba. Har wani daɗi na ji. Idan littafin nan yana da gaskiya ko ƙwaya ɗaya, to ni me na yi?

Laraba, 19 ga Maris

Na sake tsallakewa, wannan karon shafi biyar a kan ranar shari'a. Maigida ya kama ni a kicin ina karanta su a tsaye, miya tana ƙonewa. Ya ce, "Malama, ke da kike tsayar da 'yan aji uku in sun tsallake layi?" Na ce dole in san abin da nake tsallakewa. Ya yi ta dariya, har da riƙe ƙofa. Zai gani.

Juma'a, 21 ga Maris

Asirina ya tonu. Ina cikin karatu Baba ya ɗaga hannu.

"Dakata. Ya ce dalili na uku. Ina na biyu?"

Na hau juya shafi kamar mai nema.

"Ido na rasa, Auta, ba kunne ba. Tun makon jiya nake jin mutumin nan yana tsalle kamar akuya. Shekara arba'in ina sauraron ƙararraki, na san maganar da aka gutsure." Can ya ce, "Haka na yi wa yayanki. Rabin magana na ji."

Kunya kamar in nutse. Na koma baya na karanta duka. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "A kan mu'ujizai ban yarda da shi ba, ko kusa. Amma wannan ba maƙiyin Allah ba ne." Ya daɗe yana shafa hannun kujera, sannan ya tambaya ko akwai mai lambar Yaya. Na ce ban sani ba. Shekara shida ke nan tana cikin wayata.

Litinin, 24 ga Maris

Ba karatu yau. Ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ƙara magani. Sau biyu Baba ya kira ni da sunan Yaya.

Laraba, 26 ga Maris

Akwai wani sakin layi a shafi na sittin da bakwai da ya gagare ni. Shi ya sa na kira Yaya. Lokacin hutun tara, a bayan ofishin malamai, yara suna ta ihu.

Ya ce, "Wa ke magana?" Na ce Auta ce. Don kada ya kashe, sai na hau karanta masa sakin layin kamar mai ba da hadda. Ya ce, "A ina kika sami littafin nan?" Na ce Baba ne ya sa nake karanta masa kullum. Na ji yana jan hanci. Ya yi mini bayanin, ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Sai bakina ya ce, "Yaya, ni ce fa na kai ƙararka."

Ya ce, "Na sani, Auta. Yarinya ce ke lokacin. Yaya jikin nasa?"

Na faɗa masa gaskiya, ban tsallake komai ba. Ranar Asabar zai zo. Da na gaya wa Baba, sai ya ce a kira masa mai aski.

Na ɗauki littafi na biyu, yana cikin jakata tsakanin takardun jarrabawa. Baba bai ce a karanta masa wannan ba. Ban ce na yarda da su ba fa. Ina shafi na talatin.