Hancin Mahadi

Zuwa ga Yaya Amatullah, Funtua.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara? Tunda an yanke layin waya, ga takarda ta hannun direba, ga Fiddausi da jaririnmu Mahadi.

Yaya, na gano mai cin 'ya'yana. Inna Tasalla ce, ungozoma. Kullum in ta ja hancin yaron wurin wanka, wai don ya miƙe, sai ya zabura ya sandare kamar icce, numfashi ya ɗauke. Haka na farin ya mutu a cinyarta. Jiya na finciko ta har ƙofar gida. Samari suka rufe ta da ƙotar fartanya, hannunta ya karye, jini har zane. Mun sa ta tsallake yaron, bai canza ba. Tana kulle a zauren mai unguwa. Wallahi in ya mutu, ita ma ba za ta kwana ba.

Ki kai shi asibiti don hankalin uwarsa ya kwanta. A gaida Alhaji.

Ƙaninki, Zainulabidin.

*

Zainulabidin,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, sai baƙin cikin da ka cusa mini.

An tura mu Zariya. A gabana likita ya taɓa kan hancin Mahadi da yatsa, yaron ya sandare. To, shi ma maye ne? Ya ce haka ake gane ciwon firgita na jarirai, kuma gado ne. Kai da Fiddausi 'ya'yan wa da ƙani ne, mai yiwuwa kowannenku na ɗauke da ƙwayarsa, suka haɗu a jikin yaron. Sun ɗebi jini don tabbatarwa. Sun ba shi magani, sun koya mana naɗe kansa da gwiwoyinsa zuwa ƙirji in abin ya taso. Yana shan nono.

Tsohuwa kuka daka, marasa kunya! Ka buɗe ta yau, ka kai ta wurin ɗori, ka durƙusa. Allah ya shirye ka.

Yayarka a da, Amatullah.

*

Yaya,

Salam. Na buɗe ta, amma ba ta kai Magariba ba. Ba hannun ne ya kashe ta ba, bugun haƙarƙari ne, kuma ni na yi shi.

Mai unguwa ya ce mu ce faɗuwa ta yi. Na ƙi. Gobe zan kai kaina ofishin 'yan sanda a Bakori.

Ki riƙe Fiddausi a wurinki. Ki yafe mini.

Zainulabidin.