Takunkumi Uku a Jakar Hanan

Laraba da dare, Hulme

Yau na ji kunyar kaina. Makon jiya makarantar su Hanan ta aiko wasiƙa kan 'yan ajinsu su riƙa sa takunkumi. Ban ma karanta har ƙarshe ba, na rubuta wa shugabar makarantar cewa ba su da ikon tilasta wa 'yata. Har na kira Yaya Binta a Birmingham ina cika baki.

Ɗazu ina zazzage jakar Hanan sai ga takunkumi uku. Na ce, "Wa ya sa ki dole?"

Ta ce, "Nobody, Mama. Maryam da muke zama tare tana chemo, maganin ciwon daji. Ko mura ta kama sai an kwantar da ita asibiti."

Ashe sai na juya daga ƙofar makaranta take sawa, don kada raina ya ɓaci. 'Yar shekara tara fa!

Na nemo wasiƙar. Roƙo ne kawai, saboda wata ɗaliba marar lafiya.

Kullum Maman Maryam sai ta tambaye ni ya yara. Ni ban taɓa tambayarta nata ba. Gobe zan tambaya, in bakina ya buɗu.