Gaɗalin Baffa da Albasar Kwaɗi

Mandawari, Kano
Ƙarshen bazara

Zuwa ga yayata abar girmamawa, Adda Zubaida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da 'yan shanun da suka rage. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ina sanar da ke, cikin natsuwar da ta dace da tsohon malamin makaranta, cewa wani al'amari ya afku. Kin san gaɗalin Baffa, tsiron nan mai kai kamar albasa da marigayi mahaifinmu yake shukawa a ƙofar garke saboda albarkar shanu, wanda na tono ranar da aka fara gina gidan mai a filin rugarmu. Kin ce in riƙe miki amana, za ki karɓa da damina. To, son ilimi ya motsa ni. Masana tsirrai sun rubuta cewa danginsu ɗaya da albasar kwaɗi, saboda haka na naɗe ƙafar wando, na gangara bakin wani kududdufi wajen Ƙofar Ɗan Agundi, na tono guda domin in gwada su. Na ajiye su a tsakar gida, nesa da juna. Matata Hajo ta zo shara, ta haɗa su a faifai ɗaya, har tana jiran in gode mata.

Adda, kamarsu ɗaya sak. Amma kada hankalinki ya tashi. Mutumin da ya rarrabe tagwaye a aji ba zai kasa da albasa ba.

Ki gaishe da kowa.
Ƙaninki, Abdulmuttalib

Mandawari
Bayan ruwan farko

Adda Zubaida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya shuka? Saƙonki ya iso ta bakin direban motar garinku, kuma bai rage ko kalma guda ba, a gaban maƙwabta.

Na yanke hukunci. Na auna, na shinshina, na kwatanta da hotunan littattafai, waɗanda suka yi ta musu da juna kamar dillalan shanu a kara. Daga ƙarshe na lura ɗaya ya fi girma da kwarjini, kuma kin san Baffa ba ya harka da ƙaramin abu. Shi na dasa a sabuwar tukunya a ƙofar ɗakina. Ɗayan, ɗan kududdufi, na kore shi zuwa fasasshen bokiti kusa da wurin alwala.

Na tuna Baffa yakan yayyafa wa nasa madara ranar Juma'a. Da yake wannan ya yi ƙaura zuwa birni, inda rayuwa ta fi tsanani, nakan tuttula masa safe da yamma. Ƙudajen Mandawari da na Sheshe duk sun hallara. Hajo ta ce gidan yana wari. Na bayyana mata cewa warin tarihi ne, ta kwashe tabarmarta ta koma zaure.

Har yanzu bai tsiro ba. Manya ba sa gaggawa.

Naki, Abdulmuttalib

Mandawari
Tsakiyar damina

Adda,

Ina gaisuwa. Allah ya sa kina cikin ƙoshin lafiya, don ni ba na ciki.

Na tona tukunya jiya. Babu kai, babu saiwa, sai wani baƙin ruwa da ba zan siffanta wa mace mai daraja irinki ba. Ya ruɓe.

Wancan na bokiti kuwa, wanda ba ya samun komai sai ragowar ruwan buta, ya fid da ganye zara-zara, ya miƙa kara, ya buɗe furanni farare masu jan layi a tsakiya. Na koma ga littattafai. Sun ce haka gaɗali yake fure. Na juya shafi, sun ce haka ma albasar kwaɗi take yi. Na rufe su, na ɗora musu turmi.

Ke nan ko na kashe na kududdufi da gata, na shayar da na Baffa ruwan wanke ƙafa, ko kuwa na hallaka abu na ƙarshe da ya fito daga ƙasar rugarmu. Da yamma furen na bokiti yakan yi wani ƙamshi. Na durƙusa gabansa har Hajo ta ɗauka salla nake, amma ina ƙarami aka kawo ni makaranta birni, hancina bai riƙe komai ba. Ke kika tashi a garke.

Ki zo kafin furen ya yanƙwane, ki shinshina. In na Baffa ne, ki gaya mini. In kuwa ba shi ba ne, Adda, don Allah ki ce mini shi ne.

Ƙaninki mai jiran hukunci,
Abdulmuttalib