Na Sassauta wa Baba Robar Inji, Ya Rataye Makulli

Anti Khairat, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi wani abu da niyyar alheri ya juye mini, kuma yau wata biyu ke nan na kasa buɗe baki in faɗa wa kowa a gidanmu.

Ni mace ce, shekarata ashirin da tara, na karanta aikin injiniya. Ina aiki a wani ɗan gareji a Apo, wajen Oga Thaddeus, kuma abu ɗaya muke yi: robar kujerar inji, wadda makanikai ke ce wa injin sit. Ki yi haƙuri in ɗan yi bayani, don maganar duk a kanta take. Injin mota yana zaune ne a kan ƙarafa uku ko huɗu, kowanne da roba a tsakiyarsa. Idan robar ta mutu, mu muke kankare tsohuwar mu zuba sabuwa. In aka yi ta da tauri, inji zai tsaya kyam, giya ta shiga tsaf, mota ta amsa da an taɓa totur, amma karkarwar injin duk za ta bi ta sitiyari da kujera ta shiga ƙashin mutum. In aka yi ta da laushi, cikin mota zai yi tsit, sai dai injin ya riƙa rangaji kuma robar ba ta daɗewa. Samari masu son gudu tauri suke nema, ma'aikatan ofis laushi. Ni aikina in nemo tsakiya. Ina da ma'auni da nake danna wa roba ya nuna lamba, ina ƙara ramukan jikinta ko in rage, har Oga yakan ce babban yatsana ya fi ma'aunin. Na faɗa miki wannan ne don ki san ba rashin sani ne ya kai ni ba.

Babana direban tasi ne, irin mai fentin kore da fari, Nyanya zuwa Wuse, kusan shekara talatin. Tun da daɗewa wani bakanike na bakin titi ya cusa masa yankan tayar tirela a kujerun injinsa, suka zama kamar katako. Anti, in motar nan tana tsaye a go-sulo, madubi rawa yake, carbin da ya rataya rawa yake, har kumatun fasinja. Kullum ya dawo sai Umma ta shafa masa man zafi a baya. Sau uku ina roƙonsa ya bar ni in canza, yana dariya yana cewa injiniya ta rasa aiki ne ta dawo kan motar ubanta, wai shi ya san abarsa.

Da ƙaramar Sallah ya tafi Zariya kwana huɗu a motar haya, ya bar tasa a gida. Na ɗauke ta na kai gareji. Ban taɓa yin aikin da na zuba zuciyata a ciki kamar wannan ba. Sau biyu ina fasa zubi don bai yi mini ba. Da na gama na ɗora kofin ruwa a kan gaban motar na tayar, ruwan da kyar ya motsa. Na mayar da ita inda ya ajiye, na yi shiru, wai ina jiran ya dawo daga aiki da mamaki ya tambayi wa ya yi wannan.

Bai tambaya ba. A satin farko motar ta mutu masa sau biyu a hawan Kugbo, cikin cunkoso, ana ta danna masa oda. Wata rana ya sake murɗa makulli alhali injin yana aiki. Wata rana kuma wani fasinja ne ya taɓa masa kafaɗa ya ce injin yana kuka, ya canza giya. Mutumin da ya koya wa rabin direbobin tashar tuƙi. A rana ta goma ya dawo da azahar, ya rataye makulli a ƙusar bayan ƙofa, ya ce wa Umma hannuwansa sun mutu, ya daina jin mota. Ya ce dama kunne ya riga ya tafi, yanzu hannu ya bi shi, gara ya sauka kafin ya ɗauki alhakin rayukan mutane.

A nan ne na gane abin da na yi. Duk mun san Baba yana ƙure rediyo, yana amsa mutum da “to, to” ko da tambaya aka yi masa, har tsokanarsa muke. Ba mu san cewa ya fi shekara huɗu ba ya jin ƙarar injinsa ko kaɗan ba, sai ranar da ya faɗa wa Umma. Ashe karkarwar nan da nake ƙi ita ce ke gaya masa komai ta tafin hannu da ta kujera: yanzu a canza giya, yanzu inji na shirin mutuwa. Ita na cire masa, kuma na yi ta da kyau yadda ko alama ba ta rage ba.

To ga inda na rasa yadda zan yi. Umma murna take. Har waina ta soya ta yi sadaka, don ta daɗe tana tsoron wannan hanya da manyan motocinta. Ciwon bayan ma ya ragu, ba zan ɓoye ba. Yayana Nasrullahi ya samo mai saye, zai zo ganin motar ƙarshen wata. Kowa na cewa Allah ne ya hutar da shi.

Amma ni ina ganin abin da ba sa gani. Kullum da safe Baba yana wanke motar, ya goge, ba ya tayarwa. Na hango shi ta taga yana danna farce a tafin hannunsa yana kallo. Na ga ya riƙe kofin shayi mai zafi ya ƙi ajiyewa, yana gwada ko zai ji. Ya rage ci. Shekaranjiya ya kira ni cikin wasa ya tambaya, tunda ni injiniya ce, ko ana gyara wayoyin cikin hannun mutum kamar na mota. Na yi dariya, na shige banɗaki na yi kuka.

A kan wasu ƙarafa na yi zubin, ban kankare nasa ba. Tsofaffin kujerun suna cikin buhu a ƙarƙashin teburina na gareji, minti arba'in ya ishe ni in mayar. In na faɗa, Baba zai koma titi da kunnen da ba ya ji, kuma in wani abu ya same shi ban san da wane ido zan kalli Umma ba. In na yi shiru, zai ƙarasa rayuwarsa yana zaton jikinsa ne ke mutuwa gaɓa-gaɓa. Ga kuma kunyar ya san na taɓa abin da ya hana ni. Ina son babana, Anti. Me zan yi?

'Yar Direba, daga Nyanya.

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga muguwar 'ya a ciki ba. Na ga yarinyar da ta gaji da ganin ana shafa wa ubanta man zafi. Kuskurenki ɗaya ne: kin auna roba, kin auna inji, ba ki tambayi mai riƙe sitiyarin ba. Na tabbata ko baƙon da ya kawo mota garejinku kina tambayarsa yadda yake so kafin ki zuba.

Ki faɗa masa, kuma kafin mai sayen nan ya zo. Babanki ya yanke hukunci a kan abin da ba haka yake ba. Yana da haƙƙin ya sauka daga tuƙi, yana da haƙƙin ya ci gaba, amma ya yi hakan yana sane da gaskiyar jikinsa. Mutumin da ke gwada hannunsa da shayi mai zafi ba hutawa yake ba, tsoro ne ke cin sa a ɓoye. Ke kaɗai ce kike da maganin wannan tsoron, yana cikin buhu a ƙarƙashin teburinki.

Sai dai kada ki ɗauka Umma ba ta da gaskiya. Tana da ita. Karkarwar sitiyari tana gaya wa direba halin injinsa, amma ba ta gaya masa tirela na danna oda a bayansa, ko jiniya na tahowa. Akwai rayukan fasinjoji a ciki, kuma shi da kansa ya nuna ya san haka, tunda da ya yi zaton ya gaza bai jira an ce masa ya sauka ba. Irin wannan mutumin ana iya faɗa masa gaskiya a amince da abin da zai yi da ita.

Ki fara da shi, ku biyu, da safe lokacin da yake wanke motar. Ki tsaya a gabansa yadda zai ga bakinki, ki yi magana a hankali. Ki fara da cewa hannuwansa lafiya lau suke, don wannan ne yake buƙatar ji kafin komai. Sannan ki faɗi abin da kika yi da dalilinki, ki nemi gafara ba tare da dogon kare kai ba. Zai iya yin fushi. Ki bar shi ya yi, kwana biyu ne. A ranar kuma ki sanar da Umma da bakinki, kada ta tsinta a wajen wani, ki roƙi Nasrullahi ya ɗaga maganar cinikin.

Bayan haka sai asibitin kunne, kafin a sake maganar titi. Shekara huɗu yana ɓoye wannan lalura shi kaɗai, ku kuna tsokana. A duba shi. Wataƙila na'urar ji za ta taimaka, wataƙila ba za ta isa ba, likita ne zai faɗa. Abin da aka gano shi zai nuna ko zai koma Nyanya zuwa Wuse, ko zai tsaya a gajerun hanyoyin cikin unguwa da rana, ko kuwa lokacin sauka ya yi da gaske. Ku zauna da Umma a yanke tare.

Tayar tirela kuma kada ta koma ta zauna, bayansa ma amana ne. Kin ce aikinki nemo tsakiya, to ga aikin da ya fi kowane cancanta. Ki zuba kala biyu ko uku, ki ɗaura, ki zaunar da shi a kujerarsa ya tayar, shi ya gaya miki inda ya fara jin injin a tafinsa ba tare da ya kai masa ƙugu ba. Wannan karon ki ajiye ma'auninki da babban yatsanki, hannun shekara talatin ne zai auna. Ina kyautata zaton ko Oga Thaddeus zai so ya riƙa aron wannan hannu, in har titi ya gagara.

Amma ranar da kika faɗa masa, ki zo da buhun nan. Ki mayar da tsofaffin na yini ɗaya, a ƙofar gida, ba sai motar ta motsa ba. Ki ciro makullin daga ƙusa ki miƙa masa, ki bar shi ya tayar ya ɗora tafinsa a kan sitiyari. Ko da daga baya zai sake rataye shi, ya rataye yana sane da cewa hannunsa bai mutu ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya kwantar wa Umma da hankali, ke kuma ya yi miki albarka a hannunki da zuciyarki.

Taki,
Anti Khairat.